Na zarce iyakar zubin 401(k) a 2025, ga kuma matsalar Roth IRA: yaya zan shigar da su a takardar haraji?

Baƙon Columbus

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji, ga yadda lamarin yake.

Shekaruna 41, ina zaune a jihar Ohio. A 2025 na yi aiki a kamfanoni biyu, na farko daga Janairu zuwa Yuli, na biyu daga Agusta zuwa ƙarshen shekara. Takardun W-2 guda biyu, wato takardun da kamfani ke bayarwa masu nuna albashin shekara da abin da aka cire, sun iso. A akwati na 12, gefen harafin D, inda ake nuna abin da na zuba a 401(k), asusun ritaya na wurin aiki, ta farko ta nuna dala 15,000, ta biyu dala 11,200. Jimillar akwati na 1, wato albashin da ake biya wa haraji, a duka biyun dala 96,000 ce. Da na shigar da su manhajar cike haraji sai ta fito da gargaɗi cewa na zarce iyaka.

Abu na biyu: a Fabrairun 2025 na zuba dala 7,000 a Roth IRA, asusun ritaya na ƙashin kai da ake zuba wa kuɗin da aka riga aka biya wa haraji. Shekarun baya ina shigar da takardata a matsayin mai aure da ke shigarwa shi kaɗai, saboda maiɗakina tana Kano. Ta iso da katin zama na dindindin a watan Nuwamba. Yanzu manhajar tana cewa dala 7,000 ɗin gaba ɗaya rara ce, har ta lissafa mini tara.

Shin kamfani zai gyara mini W-2 ne? In jira wata takarda kafin in shigar, ko in shigar yanzu? Tarar kashi 6 da ake faɗa ta shafi duka biyun? Yau muna tsakiyar Fabrairun 2026. Na gode.

Mai Lissafi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya a kan kari, domin ɓangaren 401(k) yana da wa'adin da ba a ɗagawa. Shi zan ɗauka.

Iyakar abin da ma'aikaci ɗan ƙasa da shekara 50 zai zuba daga albashinsa a 2025 dala 23,500 ce. Iyakar a kan mutum take, kowane yawan kamfanonin da ya yi wa aiki. Kamfani na biyu bai san abin da ka zuba a na farko ba, shi ya sa bai tsayar da cirar ba. Naka lissafin: 15,000 da 11,200 sun ba da 26,200, a cire 23,500, rarar dala 2,700 ke nan. Masu karatu su lura, harafin D da AA da E da BB duk tukunya ɗaya suke shiga, wato 401(k) da 403(b), na kafin haraji da na Roth. Kason da kamfani ke ƙara maka ba ya cikin wannan iyaka. Tsarin 457(b) na ma'aikatan gwamnati kuwa, mai harafin G, iyakarsa daban take.

Abin da za ka yi a makon nan, ba mako mai zuwa ba: ka kira kamfanin da ke riƙe da asusun, ka ce kana son a mayar maka da rarar zubin albashi ta shekarar 2025 a ƙarƙashin sashe na 402(g) na dokar haraji. Ka ambaci sashen da bakinka. Idan ka ce kawai kana son cirar kuɗi, ma'aikacin da ya ɗauki waya zai iya buɗe maka cira ta yau da kullum, ita kuwa tana zuwa da tarar kashi 10 kuma ba ta gyara komai. Za su nemi kwafin W-2 duka biyu, su ba ka fom ka cike. Dole kuɗin su fito daga asusun kafin ko ranar 15 ga Afrilu 2026. Fitowar kuɗin ake dubawa, ba ranar da ka miƙa buƙata ba. Tsare-tsare da yawa sun sa 1 ga Maris a matsayin ranar rufe karɓar irin wannan buƙata, domin su sami lokacin lissafi. Kuma fom 4868 na neman ƙarin lokacin shigar da takarda ba ya motsa wannan rana ko da yini ɗaya.

Kai ke da zaɓin asusun da za a cire daga ciki, na farko ko na biyu, ko a raba. Kafin ka zaɓa ka tambayi kowanne abu biyu: shin takardar tsarinsu ta yarda da mayar da rarar da ta taso daga aiki a wani kamfani daban, kuma shin cirar za ta sa a ƙwace wani abu daga kason da kamfani ya ƙara maka. Tambaya ta farko tana da muhimmanci, saboda doka ta ba su dama, ba ta tilasta musu ba idan kamfanonin ba su da alaƙa da juna. Yawanci suna yi, amma akwai masu ƙi.

Yanzu takardar haraji. W-2 ɗinka daidai take, ba za a sake ta ba, don abin da ta nuna shi ne abin da aka cira da gaske. Kar ka ɓata lokaci wajen neman gyararriya. Kai ne za ka ƙara dala 2,700 a kan kuɗin shigarka na 2025, a fom 1040, wato takardar harajin tarayya, layi na 1h. Ba sai ka jira wata takarda ba. A matakin kashi 22 da kake kai, ƙarin harajin tarayya zai kama dala 594.

Kuɗin da za su dawo maka ba za su zama 2,700 cif ba, za su haɗa da ribar da rarar ta haifa a cikin asusun. A ce sun turo 2,910. To 2,700 ta 2025 ce, ita kuwa ribar dala 210 ta shekarar da ta shigo hannunka ce, wato 2026. A Janairun 2027 za ka ga fom 1099-R guda biyu, wato takardar da ke nuna kuɗin da suka fita daga asusun ritaya. Ɗaya da harafin P a akwati na 7, yana nuna 2,700: ma'anarsa harajin na shekarar da ta gabata ne, ka riga ka biya, ka adana shi kawai. Ɗayan da lamba 8, yana nuna 210: shi za ka shigar a takardar 2026, shi ma layi na 1h. Kuskuren da ake yawan yi a nan iri biyu ne. Wani ya ƙi ƙara rarar a 2025 yana jiran fom, fom ɗin ya zo bayan shekara guda, sai ya koma gyara da 1040-X ya biya har da kuɗin jinkiri. Wani kuma ya ƙara ta a 2025, sannan fom mai P ya zo ya sake shigar da shi a 2026, ya biya sau biyu a banza.

Idan kasuwa ta faɗi aka dawo maka da ƙasa da rarar, misali 2,550, har yanzu 2,700 cikakkiya za ka sa a 2025. Asarar dala 150 za ta shiga takardar 2026, a jadawali na 1, layi na 8z, da alamar ragi.

Wannan mayarwa ba ta da tarar kashi 10 ko da shekarunka ba su kai 59 da rabi ba. Amma kar ka ɗauki kuɗin ka tura su IRA da sunan ƙaura daga asusu zuwa asusu, ba su cancanci haka ba, sabuwar rara za ka haifar. Da rarar ta Roth 401(k) ce, mai harafin AA, da babu abin ƙarawa a layi na 1h, tunda tana cikin akwati na 1 tuntuni, ribar kaɗai za a biya wa haraji.

Tarar kashi 6 kuwa ba ta shafi 401(k) ba. Ta IRA ce. Hukuncin 401(k) wani iri ne, kuma a ganina ya fi ciwo.

'Yar Damagaram

Malam, barka da isowar iyali, Allah Ya sanya albarka. Ni batun Roth IRA zan taɓa, domin ina ganin akwai hanyar da rarar za ta ɓace ba tare da ka ciri ko sisi ba.

Ga abin da ya faru. Mai aure da ke shigar da takarda shi kaɗai, idan bai zauna da matarsa ba ko da rana ɗaya a cikin shekarar, ana yi masa lissafin Roth kamar marar aure. A 2025 wannan yana nufin zai zuba 7,000 cikakkiya muddin kuɗin shigarsa da aka daidaita, wanda suke kira MAGI, bai kai dala 150,000 ba, daga nan ya riƙa raguwa har ya ƙare a 165,000. Shi ya sa shekarun da maiɗakinka take Kano ba ka ga matsala ba. Amma da zarar kun kwana gida ɗaya a cikin shekarar, kuma ka shigar kai kaɗai, iyakar ta faɗo: tana fara raguwa daga dala ta farko, ta ƙare a 10,000. Makonni shida na ƙarshen shekara su suka mayar da zubin Fabrairu rara. Wannan tarko yana kama mutanenmu sosai a shekarar da iyali suka iso, kuma ba kasafai ake gargaɗin mutum a kansa ba.

Hanya ta farko, wadda nake ganin ta fi: ku shigar da takarda tare. Ga ma'aurata masu shigarwa tare, raguwar ba ta farawa sai a dala 236,000, ta ƙare a 246,000. Kai kana ƙasa da rabin haka. Rarar ta tafi ke nan, babu fom 5329 na lissafin tara, babu cira. Tunda ita a farkon shekara ba mazauniyar Amurka ba ce, a ƙarshenta kuma ta zama, doka ta ba ku damar zaɓar a ɗauke ta mazauniya tun daga 1 ga Janairu. Za ku rubuta gajeren bayani cewa kun yi wannan zaɓi, da sunayenku da adireshi da lambobin Social Security, ku biyu ku sa hannu, a haɗa da takardar. Wasu manhajoji ba sa iya haɗa shi, sai a buga a aika ta gidan waya.

Sai dai ku zauna ku duba abin da zaɓin ya ƙunsa. Duk abin da ta samu a 2025, a ko'ina, zai shiga takardar: albashi idan tana aiki a Kano, ribar sana'a, kuɗin haya, a juya su zuwa dala. Idan ta biya haraji a Najeriya a kansu akwai fom 1116 na neman rangwame. Kuma takardar haɗin gwiwa tana ɗora alhakin harajin gaba ɗaya a kan kowannenku, don haka ta karanta ta fahimta kafin ta sa hannu. Ga mafi yawan gidaje, inda albashin Amurka ya ninka na gida nesa ba kusa ba, shigarwa tare tana rage harajin ma gaba ɗaya. Ka gwada lissafin ta hanyoyi biyun a manhaja ka gani da idonka. Ka kuma riƙe wannan: wanda ya shigar shi kaɗai yana iya komawa haɗin gwiwa daga baya cikin shekara 3, amma wanda ya shigar tare ba ya iya rabawa bayan wa'adin Afrilu ya wuce.

Idan akwai dalilin da zai hana ku shigarwa tare, sai hanya ta biyu: cire rarar da ribarta. Ka nemi fom na musamman na mayar da rarar zubi daga kamfanin da ke riƙe da Roth ɗin, kar ka danna maɓallin cira na yau da kullum. Ribar ana lissafa ta ne a kan asusun gaba ɗaya, ba a kan hannun jarin da ka saya da 7,000 ɗin ba. Misali: kafin zubin akwai 20,000 a ciki, da zubin ya zama 27,000. Ranar cira asusun ya kai 30,240. Ƙarin 3,240 a kan 27,000 kashi 12 ne. Kashi 12 na 7,000 dala 840 ne, za a fitar da 7,840. Da asusun ya sauka zuwa 25,650, faɗuwar kashi 5 ke nan, da 6,650 za a fitar, kuma an gama gyara.

A nan a kula, domin ya saɓa da abin da Mai Lissafi ya bayyana a kan 401(k). Ribar IRA tana komawa shekarar da aka yi zubin. Ka zuba a Fabrairun 2025, to 840 ɗin ta 2025 ce, ko da a 2026 ta shigo hannunka. Za ka sa 7,840 a layi na 4a, 840 a layi na 4b, ka haɗa bayani mai layi biyu ko uku: ranar zubi, adadi, ranar cira, da ribar. Fom 1099-R zai zo a 2027 da haruffan J da P. Don haka ka bari a yi cirar ka san adadin ribar kafin ka shigar da takardar. Tarar kashi 10 da a da ake ɗorawa a kan wannan riba an soke ta tun 29 ga Disamba 2022, da dokar SECURE 2.0. Idan manhaja ta lissafa ta, ka shiga sashen farko na fom 5329 ka sa lambar togiya 21.

Wa'adin IRA ya fi sauƙi. Idan ka shigar da takardarka a kan lokaci, ko ka nemi ƙarin lokaci, kana da har 15 ga Oktoba 2026. Wanda ya riga ya shigar sannan ya yi cirar, sai ya aika 1040-X ya rubuta a samanta: Filed pursuant to section 301.9100-2.

Hanya ta uku ita ce a sauya wa zubin suna, a mayar da shi na IRA ta gargajiya kamar can aka zuba shi tun farko, tare da ribarsa, cikin wannan wa'adin. A halinka ba za ka sami rangwamen haraji a kansa ba, tunda kana da tsarin ritaya a wurin aiki kuma kun zauna tare, don haka za ka rubuta shi a fom 8606 a matsayin kuɗin da aka riga aka biya wa haraji. Daga nan ana iya juya shi zuwa Roth, abin da ake kira shiga ta ƙofar baya. Amma kafin in ce ka bi ta, sai na san ko kana da wata IRA ta gargajiya.

Baƙon Columbus

Allah Ya saka da alheri, Malam Mai Lissafi da Hajiya. Ƙarin bayani: asusun kamfani na farko babu komai a cikinsa yanzu, a Oktoba na mayar da shi IRA ta gargajiya, kimanin dala 48,000. Kamfani na biyu yana ƙara mini daidai abin da na zuba har kashi 5 na albashi, albashina a wurinsu na wata biyar kuma dala 52,000 ne. Na kira su yau, wanda ya ɗauka ya ce bai tabbata suna yin irin wannan mayarwa ba. Idan suka ƙi, ko lokaci ya ƙure, me zai biyo baya?

Dattijon Bronx

Ɗan'uwa, tunda asusun farko ya zama fanko, na biyu ne kaɗai ƙofarka, don haka kar ka tsaya a kan maganar mutum ɗaya a waya. Ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata na kamfaninku saƙon imel yau, ka nemi taƙaitaccen bayanin tsarin, wanda doka ta ce su ba kowane mahalarci, ka nemi sashen da ya yi magana a kan rarar zubi. Ka haɗa W-2 biyun, ka rubuta adadin 2,700 da ranar 15 ga Afrilu a fili. Kamfanin da ke riƙe da kuɗin sau da yawa ba ya motsi sai mai aikin ya sa hannu, kuma a tsakanin ofisoshin nan biyu ne takardu ke kwana har lokaci ya wuce. Ka riƙa bibiya kowane kwana uku, ka nemi lambar buƙatarka, ka adana duk amsar da aka ba ka a rubuce.

Batun kason kamfani kuwa ka kwantar da hankalinka. Kashi 5 na 52,000 dala 2,600 ne. Bayan an cire 2,700 daga 11,200, saura 8,500, wanda ya zarce 2,600 da nisa. Abin da za a fitar yana cikin ɓangaren da ba a ƙara maka komai a kansa ba. Duk da haka ka sa su tabbatar maka a rubuce.

Kar kuma ka yi tunanin cire 2,700 daga IRA ɗin da ka mayar a Oktoba da niyyar gyara. Wannan cira ce ta daban, za ta zo da nata harajin da tarar kashi 10, rarar kuma tana nan yadda take.

Idan 15 ga Afrilu ta wuce kuɗin ba su fito ba, ga hukuncin. Har yanzu dole ka ƙara 2,700 a layi na 1h na 2025 ka biya. Kuɗin kuma su maƙale a cikin asusun, ba za a ba ka su ba sai da dalilin da tsarin ya yarda da shi, kamar barin aikin ko kai shekara 59 da rabi. Ranar da suka fito kuma a sake cire musu haraji kamar ba a taɓa biya ba, domin ba a rubuta maka su a matsayin kuɗin da aka biya wa haraji. Haraji sau biyu ke nan a kan dala ɗaya. Babu tara mai maimaituwa kowace shekara, babu fom 5329. A kan 2,700 asarar wasu ɗaruruwan daloli ce nan gaba, ba abin da zai rusa gida ba ne, amma kuɗi ne da wayar tarho da imel biyu za su iya tsare maka. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ka yi shiru ka ƙi ƙara ta. W-2 duka biyu suna hannun IRS, hukumar harajin Amurka, tara lambobi biyu na akwati na 12 kuwa ba aiki ba ne a wurin kwamfuta.

A kan hanya ta uku da Hajiya ta kawo, amsarka ta canja lissafin. Idan za a juya kuɗi zuwa Roth, IRS tana haɗa dukkan IRA na gargajiya da mutum ke da su a ranar 31 ga Disamba ta shekarar juyawar, har da SEP da SIMPLE, nau'o'in IRA na wurin aiki, ta ɗauke su asusu ɗaya. Ba ka da ikon cewa wannan dalar ce na juya ba waccan ba. A ce 48,000 da 7,840, jimilla 55,840, wanda 7,000 kaɗai aka biya wa haraji a ciki, kusan kashi 12 da rabi. Ka juya 7,840, kimanin dala 983 ce za ta wuce ba haraji, sauran 6,857 ka biya a kansu. Kuma tun 2018 ba a iya warware juyawa idan an yi ta. Mafita ita ce, idan 401(k) na kamfaninka na yanzu yana karɓar kuɗi daga IRA, ka tura 48,000 ɗin can kafin ƙarshen shekarar da za ka yi juyawar, IRA ta rage da zubin nan kaɗai. Ana yi, amma matakai ne guda uku da fom 8606 na shekara biyu, kowanne da inda ake tuntuɓe. Ina tare da Hajiya: ku shigar tare in babu abin da ya hana.

Akwai hanya ta huɗu da ba a ambata ba, ta barin rarar a ciki. Ka biya kashi 6 na 7,000, dala 420, a sashe na huɗu na fom 5329, ya wuce jadawali na 2, layi na 8. Sannan idan a 2026 ka cancanci zubin Roth, sai ka ƙi zuba sabo, iyakar 2026 ta dala 7,500 ta haɗiye tsohuwar rarar. Tana da amfani a shekarar da ribar ta yi yawa har harajinta ya zarce 420. A misalin Hajiya, kashi 22 na 840 bai kai dala 185 ba, don haka cirewa ta fi araha, sai dai mai cirewa ya rasa gurbin Roth na 2025 har abada. Kowa ya auna da nasa lambobin.

Ga waɗanda suka gano tsohuwar rara ta shekarun baya, bayan Oktoba ta wuce: kashi 6 ɗin yana hawa kowace shekarar da 31 ga Disamba ta riski kuɗin a ciki, kowace shekara da nata fom 5329. A wannan mataki asalin rarar kaɗai ake cirewa, ribar ta zauna a ciki. A cire kafin ƙarshen Disamba domin kar wata shekarar ta ƙaru.

Mai Lissafi

Abin da Dattijo ya faɗa daidai ne. Ƙari kaɗan a kan jiha da gari, tunda ka ce Ohio. Takardar jihar tana farawa ne daga jimillar kuɗin shiga ta takardar tarayya, don haka 2,700 ɗin za ta bi da kanta, ba sai ka sake shigar da ita ba. Harajin birni a Ohio kuwa a kan albashi ake ɗaukarsa kafin a cire zubin 401(k), wato sun riga sun karɓi nasu, kar ka ƙara musu komai. Mazauna Pennsylvania ma haka abin yake a matakin jiha.

Sai wani rukuni da wannan matsala ke samu ba su sani ba: 'yan'uwanmu masu takardar zama ɗan ƙasar Amurka da suka koma aiki Abuja ko Yamai ko ƙasashen Larabawa, suna cike fom 2555 domin keɓe albashinsu na waje daga haraji, har dala 130,000 a 2025. Albashin da aka keɓe ba ya cikin abin da ake zuba IRA da shi. Wanda ya keɓe albashinsa gaba ɗaya sannan ya zuba 7,000, duk rara ce, ta gargajiya ko Roth, kuma kashi 6 yana hawa kanta kamar yadda aka bayyana a sama.

Malam, ga jerin da zan bi a matsayinka. Yau imel zuwa sashen ma'aikata. Cikin makon nan gwajin lissafi na haɗin gwiwa da na kai kaɗai, bayan ka tattara abin da maiɗakinka ta samu a 2025. Takardar kanta za ka iya shigar da ita ko kuɗin 401(k) ba su iso ba, domin 2,700 ɗin ba ta canjawa ko an mayar ko ba a mayar ba. Idan kun zaɓi shigarwa tare, babu sauran abin jira. Idan kai kaɗai ne, jira adadin ribar Roth tukuna. Kuɗin da za a dawo maka a bana ba su taɓa iyakar 2026 ba, tana nan dala 24,500. Duk ranar da ka sake canja aiki a tsakiyar shekara, ka ɗauki takardar albashinka ta ƙarshe, ka duba jimillar zubin shekarar, ka cire ta daga iyakar, ka ba ofishin albashi na sabon wurin adadin da ya rage su tsayar da cirar idan ta kai can.